Lonnie da Takardar Gwajin Hali

A ɗakin jira na wani ofishin ɗaukar ma'aikata a Toledo, Lonnie, wanda ya yi wata huɗu ba aiki, yana fama da takardar gwajin hali. Matar da ke gefensa tana ta raɗa masa amsoshi.

"Baiwar Allah, ji wannan kuma: 'Ina son a zuba mini ido a wurin biki.' Motar ɗaga kaya na zo tuƙawa, ba rawa ba!"

"Zaɓi 'ƙwarai kuwa'. Mai fara'a suke so."

"Ni? Matata ta ce rabona da dariya tun ranar aurenmu."

"Haba dattijo, wa ya tambayi halinka? Halin wanda za su ɗauka za ka rubuta."

"Ke kin taɓa cikawa ne?"

"Sau huɗu a ofishin nan! Na zo a mai fara'a, na zo a mai haƙuri, har a shugaba na zo."

"Suka ɗauke ki?"

"Cewa suka yi ba ni da tsayayyen hali."

Lonnie ya dubi tambayoyi talatin da ya riga ya amsa da bakinta.

"Kina da abin gogewa?"

"Da biro ka rubuta, dattijo."