Da Hausa Nake Ciwon

A tashar Kawo, ana jiran motar Katabu ta cika, wata dattijuwa mai katin asibiti a hannu take ba wani Alhaji labari.

"Alhaji, ashe likita ma jarrabawa ake yi masa? Manya fa, masu neman zama ƙwararru. Yau ni aka kwantar, su tara suka duba ni ɗaya bayan ɗaya, wani tsohon farfesa yana gefe yana rubutu."

"Me kika ce musu, Hajiya?"

"Abin da ke damuna. Na ce zuciyata ke tashi. Wallahi biyar a cikinsu ƙirjina suka nufa da abin awo, suna neman ciwon zuciya."

"Ai daga ko'ina suke zuwa, kuma da Turanci suka yi karatun."

"Ni kuwa da Hausa nake ciwon. Ɗaya ne ya ja kujera ya zauna, ya ce, 'Inna, amai kike ji? Kafin abinci ko bayansa?' Sai da ya nemi izini sannan ya taɓa cikina. Da suka fita, farfesan nan da kansa ya rusuna ya tambaye ni wanda zan yarda ya sake duba ni. Ni da ban taɓa riƙe alƙalami ba."

Alhajin ya cire hularsa, yana juya ta a gwiwa.

"Wanda ya zauna ɗin, dogo ne mai tabo a gira?"

"Shi ne. Ka san shi?"

"Ɗana ne. Karo na uku ke nan yana zana jarrabawar nan. Tun jiya uwarsa ta kasa cin abinci."

"Ban san abin da farfesa ya rubuta ba, Alhaji. A wajena dai ya ci. Kira ta ka ce ita ma ta ci."