Roƙon Likkafani a Assihar

A wata rumfar yadi a kasuwar Assihar, wani matashi lebura ya durƙusa gaban mai rumfar.

"Alhaji, don Allah, ƙanena ya faɗo daga saman gini, ya rasu. Likkafani kawai nake roƙo."

"Kai ne na uku yau da ƙanensa ya mutu. Wannan marairaicewar duk kun haddace ta."

"Wallahi gawarsa tana kwance a ɗakinmu!"

"Har rantsuwar iri ɗaya ce. Yaro, ranar da ɗana ya mutu a hanyar In Ekker, ko kalma ban iya furtawa ba. Mai rashi na gaske ba ya surutu."

Matashin ya yi shiru.

"Ka gani?" in ji Alhaji. "Yanzu na faɗa, har ka koyi shirun. Tashi, kana tare mini masu saye."