Kututturan da aka zuba mana a rafi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ina gajiya, ya iyali, ya ƙoƙari? Malam Sada ne daga bayan Ƙofar Guga.

Gidana a bakin rafi yake. Shekara da shekaru duba-gari na hana mu jefa ko reshe a cikinsa, wai zai toshe hanyar ruwa. Har kunyata ni an taɓa yi gaban surukina a kan karan dawa, kuma ban manta ba.

To makon jiya sai ga motar ƙaramar hukuma ta juye kututtura da duwatsu a tsakiyar rafin nan. Na ce halan direba ya ɓata hanya. Na samo igiya, ni da jakina muka janye su gefe. Washegari wani ma'aikaci ya zo yana faɗa: "Baba, wa ya sa ka? Maɓoyar kifi ka rushe! Nan tarwaɗa za ta fake ta yi ƙwai." Na ce, "Yaro, tarwaɗar ce ta kai maku kuka?" Ya ce in mayar da su.

Ban mayar ba, kuma kaina ya kulle. Ban yi boko ba, amma katangata ta ƙasa ce, damina kuma ta ƙarato. In ruwa ya daki kututturan nan, wajena zai juyo.

Malam, a tambayo mani mutanen ƙaramar hukuma, wace dokar zan bi, ta da ko ta yanzu? In katangar ta faɗi, wa zan kama?

Ina gaida 'yan majalisarmu ta hira, ban da Alhaji Lawal da ya ce in ba ma'aikatan haƙuri.