Famfonmu Ya Zo Na Ɗaya, Ko Ɗigo Babu

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Garba ne mai saƙar taru, daga gefen Wara.

Famfon ƙauyenmu ya ƙafe tun kafin a yanke mana jiha. Daga gulbi matanmu ke ɗebo ruwa, su wanke kifi a dakalin famfon, don nan kaɗai ke da siminti. Rannan mai duba famfuna ya zo, ya ga dakali jiƙe sharkaf, ya ɗauka famfon na ba da ruwa. Ko sauka daga babur bai yi ba, ya rubuta ya wuce. Yanzu wai namu ne na ɗaya a gunduma, masu gyara sun tafi ƙauyukan da suka faɗi.

Wallahi kaina ya ɗaure. Jama'a, ku taimaka da shawara: yaya ake yi a zo na ƙarshe?