Ku Mayar wa Jaririya Duwatsunta

Shugaban taro, Dagaci Khamphan. Babban Malaminmu na gidan ibada. Malama Suphit mai binciken tarihi. Iyaye da kakanni, 'yan uwana mutanen wannan gari, ina gaishe ku baki ɗaya.

Na gode da aka ba ni, ni Bualai ungozoma, damar magana. Rabinku a hannuna kuka faɗo duniya, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na farko, kun san katafilar da ke yashe tafki ta tono kabarin wata jaririya, wadda ta kwanta tun kafin a san rubutu, da jajayen duwatsun ado a wuyan hannunta. Malama Suphit ta nuna mini yadda aka yi su: a goga dutse a kan dutse sai ya yi sumul, a murza tsinke da yashi da ruwa, a huda ta nan, a juya a huda ta can, har ramukan su haɗu.

Na biyu, ta nuna mini bakin ramukan, duk zare ya cinye su. Ta ce, "Inna, wannan cin na shekaru ne." To jaririyar da ko haƙori ba ta fitar ba, ina ta ga shekaru? Na uwarta ne. Daga wuyanta ta cire, ta ɗaura wa 'yarta, kamar yadda nake ɗaura wa jariranku farin zare don kada kurwarsu ta ɓace.

Na uku, jama'a, jiya aka tafi cin abincin rana, aka dawo aka tarar da hannun yarinyar nan wayam! Ba baƙo ya shigo ba, ba ɓarawo ya tsallako ba, mu ne. Da idona na ga Thongsuk a kasuwa yana shafa wa ɗaya daga cikin duwatsun hoda, wai lambar caca za ta fito a jikinsa.

Na ce, "Kai Thongsuk, da kan tulun nan naka, me kake yi?"

Ya ce, "Haba Inna, mai shi ta daɗe da gama amfani da shi!"

Ta gama? Wa ya taɓa kwance zaren ɗansa ya ce an gama? Tun jiya bakina bai rufu ba.

Gobe za a rufe kabarin. Ga ƙwarya nan a gaban Babban Malam, duk wanda ya ɗauka ya zo ya zuba a ciki, ba mai kallon hannun kowa. In ba ta cika ba, yarinyar nan za ta koma ƙasa hannu tsirara, kuma kada wanda ya ƙara kirana ɗaurin zare.

Ladan taronmu ya kai gare ta da uwarta. Shinkafarmu ta yi albarka, kurwar 'ya'yanmu ta zauna a jikinsu, mu koma gida lafiya.

Na gode.