Gwangwanin Dakta Mu'az

Assalamu alaikum. Ranka shi daɗe wakilin Hakimi. Allah shi gafarta Malam Liman. Malaman jami'a abokan aikin mamaci, 'yan uwana masu kiwon kaji na Tudun Wada, sannan Hajiya Murja da ɗiya duka, ina gaishe ku, ina yi muku ta'aziyya. Sunana Sule Bawa, ni masu kiwo sunka tura. Yau kwana bakwai da munka kai Dakta Mu'az Ladan makwancinai. Na gaji, kuma na san kun gaji. Ba zan ja ba.

Ya kasance likitan dabbobi, amma mu a layin masu figar kaji munka san shi. Shekara sha huɗu shina zuwa da 'yar kula ta ƙanƙara, shina roƙon a bar mishi hanta da ƙwan ciki. Muna cewa duk albashin jami'a ya kasa sayen kaza guda. Sai shi yi dariya shi rufe kularsa.

Ya kasance mai faɗa muna abin da ba mu son ji. Mu rago munka iya kiwo: a turke shi, a zuba dussa da tunkuza har shi kasa tashi. Da munka koma kajin ƙwai, sai munka yi musu kiwon rago. Wata shekara kajina ɗari uku sunka yi ƙiba, ina kiran mutane su zo kallo. Ƙwai ya koma mai gwaiduwa biyu, sai mai taushin ɓawo, sai shiru. Na zargi zafi, na zargi mai sayar da magani. Allah shi yafe mini, har maƙwabci na zarga. Dakta yaz zo yas sa anka yanka guda, yan nuna mini hanta ta yi rawaya, kitse ya rufe ko'ina. Yac ce, "Alhaji Sule, hanta ke haɗa gwaiduwa ta aika cikin jini. In kitse ya yi yawa, 'yan ƙwayoyin da ke rainon ƙwan nan su ke fara mutuwa. Ba rashi ya hana kajinka ƙwai ba, kirkinka ne." Wata biyu ban gaishe shi ba. Shi kuwa ko sau ɗaya bai wuce ni ba.

Ya kasance ba shi yarda da awon littafi sai ya gwada a zafinmu, da abincinmu. Shi ya sa yay yi akurki biyu a bayan gidanai na Ƙofar Rini, kaji ashirin-ashirin. Na dama su ci su bari. Na hagu a auna musu abinci, cikin gwangwanin madara ɗaya kowace kaza a rana. Sati ashirin za a yi, saura biyar ciwo yak kayar da shi. Da nij je asibiti, bai ce mini komai a kan gida ba. Yac ce, "Sule, na hagu. Gwangwani ɗaya."

Hajiya, yanzu ga abin da ya fi yi mini nauyi. Tun ranar rasuwa abinci ke shigowa gidanga, ana zuba wa kajin sauran shinkafa da mai. Kin ce su ma marayu ne. Ban ga laifinki ba, don shekaranjiya ni da hannuna nij juye wa na hagu rabin faranti. Fiddausi, babbar ɗiyar Dakta mai riƙe da littafin ƙwan, ta gan ni. Ta juya kawai. Tun ranar kunya ba ta sake ni ba.

Abokan aikinai sun ce in munka daina zuba wa kajin saura yau, aikin zai tsira. In anka ƙara sati guda, shi ke nan, kuma babu wani Mu'az da zai sake farawa.

Ga gwangwanin na kawo, Hajiya. Gobe da safe kajin hagu za su taru a bakin wayar akurki suna kuka, ranki zai ɓaci. Ki daure. Ku masu kawo abinci, Allah shi saka, amma saura a kai wa mutane.

Mun gode wa duk wanda yab bar harkatai yaz zo. Allah shi jiƙan Dakta Mu'az, shi yalwata kabarinai, shi ba iyalinai haƙuri, shi sa aikin nan cikin sadakar da ba ta yankewa. Mu kuma da munka ƙi jin maganatai shina raye, Allah shi ba mu ikon riƙe hannunmu na sati ukun nan. Amin.