Kwalin Fayafayan Marigayi

Jaka ɗaya, lema, da kwalin fayafayan kiɗan jaz na mijinta marigayi. Direba ya ɗaure kwalin a rufin mota, ita kuma ta zauna kusa da wani dattijo.

"Baiwar Allah, sa a sauko da shi. Rana za ta lanƙwasa fayafayan."

"Ina ruwanka, Baba? Ƙanin mijina zan kai wa. Shekaru marigayin yana kulle ɗaki da hayaniyar nan, ni ina waje."

"Kin taɓa zama kin saurara?"

"Sau ɗaya. Kowa na busa abin da ya ga dama."

"Duka kayan kiɗan kika bi, shi ya sa. Ganga kaɗai za ki riƙe. Sauran za su yi yawonsu, su dawo su same ta."

"Da wanne ake farawa?"

"Wanda bangonsa ya fi yagewa. Shi mai gidanki ya fi ji."

Ta san faifan. Shuɗin ne, wanda mijin yake sawa duk ranar da suka yi faɗa.

Mota ta tashi. Matar ta tsayar da direba, ta sa aka sauko da kwalin, ta rungume shi a cinyarta, ta ja ƙofa ta rufe.

"Ƙanin nasa ya jira. Sai na ji shuɗin tukuna."